Hodar jiki mai ƙamshi: aikin da na ɗauko daga hunturu zuwa bakin damina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Da sunan Allah na fara. Abin da nake son haɗawa hoda ce ta barbaɗawa a jiki bayan wanka, wadda za ta tsotse gumi, ta bar ƙamshi mai sanyi irin na humra, ba mai hawa kai ba. Na zaɓi wannan lokacin ne saboda hunturu. Iska a bushe take, abin da aka shanya da safe kafin la'asar ya yi ƙayau. Ina so kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko, lokacin da ƙurajen zafi ke feso wa yara a wuya da gadon baya, in riga in samu haɗin da hankalina ya kwanta da shi.

Ba zan sa talkum ba, wato farin dutsen nan mai santsi da aka daɗe ana yin hodar kanti da shi. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai ta talkum a Amurka da Kanada a 2020, daga baya ya ce daga 2023 zai koma sitacin masara a duk duniya. A watan Yulin 2024 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talkum a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Tunda masu kuɗi da ɗakunan gwaji sun koma masara, ni da masara ke zube a kasuwar unguwarmu ba ni da dalilin neman dutse.

Na shiga Kasuwar Kurmi a nan Kano, layin masu kayan ƙamshi. Na sayi kajiji na naira 2,000, jema ƙulli biyu 1,000, itacen sandal ɗan guntu 3,500, kanumfari 500, sai madarar sandal, wato man turarensa, ƙaramar kwalba 5,000. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ba za ki haɗa da farce da miski ba?" Na ce masa wannan karon ba humra zan yi ba. Farar ƙasa kuma na sayi dunƙule uku a bakin hanya, 600. Farar masara kwano biyu a unguwa, 3,200.

Talata, 14 ga Janairu

Na tsince masarar, na wanke, na jiƙa a babbar roba. Safe da yamma nake sauya ruwan don kada ta yi tsami. Gasarar koko tsaminta ake so, tawa kuwa ko ɗis ba na so.

Alhamis, 16 ga Janairu

An kai markaɗe, 600. Na tace da ƙyallen tatar koko, na sake tacewa da wani tsohon mayafi mai ƙananan idanu. Na bar ƙullun ya kwanta. Da ya kwanta sai ya rabu biyu: can ƙasa fari tas mai tauri, a samansa kuma wani mai ɗan rawaya-rawaya mai laushi. Na saman nan shi ne ke ɗauke da mai da sauran abin da ba sitaci ba, kuma shi ke sa gari ya yi wari idan ya daɗe a ajiye. Na kankare shi da cokali na ba wa awaki, na zuba sabon ruwa a kan farin, na dama, na bar shi ya sake kwanciya. Haka na yi ta yi har ruwan saman ya fito garau.

Lahadi, 19 ga Janairu

Shanya ta zo da matsala iri biyu, kuma ta ci kusan rabin sitacin.

Na baza tire biyu a tsakar gida ranar Juma'a da safe. Da rana iska ta taso da ƙurar nan ta hunturu, kafin azahar saman sitacin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Idan aka murza shi tsakanin yatsu ana jin ɗan rairayi. Wannan ba ya tankaɗuwa, domin ƙurar ta fi idon rariya ƙanƙanta. Na kankare saman na zubar, na ceci na ƙasa.

Tire na biyu kuma, da yake bai gama bushewa ba har magariba, na ɗora shi a kan murhu bayan an sauke tuwo, garwashin ya yi sanyi-sanyi. Ashe zafin da ya rage ya isa. Jiƙaƙƙen sitaci da zarar ya ji zafi wajen digiri 60 zuwa 70 sai ya fara dahuwa, ƙwayoyinsa su kumbura su manne da juna. Gindin tiren ya zama talge, da ya huce kuma ya daskare ya yi ƙyalli, ko a turmi ba ya komawa gari mai laushi. Shi ma ya tafi.

Yanzu shanyar ta koma ɗaki. Na shimfiɗa farin zani a kan tabarma kusa da taga, na farfasa sitacin ƙanana, na rufe da mayafi mai shara-shara, fanka na kaɗawa idan an kawo wuta. Ya fi daɗewa, amma farinsa na nan.

Laraba, 22 ga Janairu

Ya bushe. Na murje, na tankaɗe da rariyar laushi. Gwangwanin madara bakwai na samu. Idan aka matsa shi a hannu yana yin ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, alamar ba sauran ruwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Farar ƙasa. Amfaninta a hoda shi ne ta sa ta kama jiki, domin sitaci shi kaɗai zamewa yake yi, kuma idan gumi ya yi yawa sai ya dunƙule. Ƙasarmu na da ita sosai, ta Ƙanƙara a jihar Katsina ma sananniya ce. Sai dai wadda na saya a bakin hanya ɗanya ce yadda aka haƙo ta. Na jiƙa ta a bokiti, na dama har ta zama ruwa-ruwa, na bar ta minti kaɗan, na tsiyaye farin ruwan saman a wata roba. Abin da ya rage a gindin bokitin ya ba ni mamaki: yashi, ƙananan tsakuwa, har da wani jan abu mai kama da tsatsa.

Ko da na wanke ta hankalina bai kwanta ba. Yashi ido na ganinsa, amma akwai abin da ido ba ya gani. An sha gargaɗin mata masu ciki a kan cin irin wannan ƙasar saboda an samu gubar dalma a wasu samfuranta, kuma mu nan Arewa mun san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Shafawa ba ci ba ce, amma hoda tana tashi, ana shaƙa, yaro kuma ya taɓa ya kai hannu baki. Na ajiye ta don shafen bango. Ranar Litinin zan je Sabon Gari wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa in sayi tatacciya.

Litinin, 27 ga Janairu

Na samo tatacciyar farar ƙasa, kilo ɗaya 3,500. Laushinta ba a magana. Na kuma sayi ƙaramin sikelin kicin 6,500, domin awon gwangwani yana bambanta idan gari ya danne da idan ya tashi.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau raina ya ɓaci. Kajiji da jema da na wanke na shanya tun makon jiya na ba yaro ya kai injin niƙa na bayan layi, na ce a gaya wa mai injin ya share kafin ya zuba. Garin ya dawo, ina buɗe ledar sai atishawa. Barkono ne. Da alama yajin wani aka niƙa kafin nawa. Na ɗan shafa a bayan hannuna don in tabbatar, cikin minti biyu wurin ya ɗau raɗaɗi ya yi ja.

Na tura a yi masa magana, ya aiko cewa ya share, kuma ina ganin gaskiyarsa ya faɗa. Haƙoran inji suna riƙe gari a lungunan da tsintsiya ba ta kaiwa. Abin da za a zuba a miya ba ya damuwa da wannan, amma abin da za a barbaɗa a hammata da wuyan yaro ko ƙwayar barkono ɗaya ta yi yawa. Kajijin 2,000 da jemar 1,000 sun tafi. Ko a turaren wuta ba zan sa su ba, hayaƙin zai shaƙe mutane.

Daga yau kayan ƙamshin hoda ba za su ƙara fita daga gidan nan ba. Na aika a sayo mini sabon ƙaramin turmi da taɓarya, 4,500, wanda ba za a taɓa daka komai na miya a ciki ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Goggona ta zo daga Maiduguri jiya, ita ce ta koya mini humra da turaren wuta tun ina budurwa. Ta tarar ina fama da dakan sabon kajiji, yana ta tsalle a turmi yana zama zare-zare. Ta ce, "Ke 'yar nan, ai ba a daka shi da sanyinsa. Ki sa shi a rana ya gasu, ki yayyanka da wuƙa tukuna, sannan ki zuba masa ɗan garin sitacinki ki daka su tare." Na yi hakan, sai ga shi yana narkewa cikin garin. Sitacin yana riƙe man da ke fita daga saiwar, wanda da a jikin turmi zai tsaya.

Sandal kuma ba ta yarda a daka ba. Ta sa aka wanke dutsen niƙa, ta ɗiga ruwa kaɗan, ta riƙa goga itacen a kai a hankali tana zagayawa, wani ƙullu mai launin madara da shayi yana taruwa a gefen dutsen. Ta kwashe da bayan cokali ta shafa a faranti, muka kai inuwa. Da ya bushe muka kankare, ya fito gari mai laushin da ko rariya bai buƙata. Da ta shinshina guntun itacen ta ce wannan ba na Indiya ba ne na asali, domin na asalin tsadarsa ta wuce abin da na biya nesa ba kusa ba, amma ƙamshinsa zai yi aiki.

Na tambaye ta ko in sa kanumfari. Ta ce a humra ana sawa, amma humra a tufa da gashi ta fi zama, hoda kuwa a kan fata take kwana. Ta ce in gwada kaɗan in gani.

Talata, 11 ga Fabrairu

Haɗin farko, kashi biyu.

Kwalba ta ɗaya: sitaci giram 150, farar ƙasa giram 40, garin kajiji da jema da sandal giram 10. Kwalba ta biyu iri ɗaya, sai na ƙara ɗan garin kanumfari da cokali ɗaya na sodar burodi, saboda na ga mutane da yawa suna sa ta don kashe warin hammata.

Wajen zuba madarar sandal aka samu cikas. Na ɗiga ta kai tsaye a kan garin kwalba ta ɗaya, sai kowane ɗigo ya naɗe gari ya zama ɗan ƙwallo. Na girgiza, na juya da cokali, suna nan. Da na murje su a rariya suka bar maiƙo a jikin wayar, kuma wani ɓangaren hodar ya yi ƙamshi har yana hawa kai, wani ko alama babu. A kwalba ta biyu sai na canza hanya: na ɗiga madarar a dunƙulen auduga, na tura shi tsakiyar garin, na rufe ƙam. Kullum zan girgiza, in bar ƙamshin ya bi garin da kansa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Girgiza kawai. Ta audugar ta fara ɗauka.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin fata. Ni da ƙanwata da maigida muka shafa kowace kwalba a cikin dantse, inda fata ta fi laushi, muka bar ta kwana biyu muna ƙarawa safe da dare. Kwalba ta ɗaya ba wanda ta taɓa. Ta biyu ni ba ta yi mini komai ba, amma ƙanwata da ta sa a hammata bayan ta yi aski, washegari wurin ya yi ja yana mata zafi, har da ƙananan ƙuraje.

Maƙwabciyata mai aikin jinya ta duba, ta ce in ba soda ba to kanumfari, ko kuma duka biyun. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami nata na halitta da ke kare ta, soda kuwa ɓangaren kanwa take, tana rushe wannan kariyar idan ta daɗe a wuri mai gumi. Man kanumfari shi ma sananne ne wajen ƙona fata mai laushi, duk da ana amfani da shi wajen kashe zafin haƙori. Na cire su duka. Ƙanwata ta wanke wurin ta shafa man kaɗe, yau ya lafa.

Ta ƙara da wasu abubuwa da zan rubuta a jikin kowace roba: kada a sa a kan rauni ko fatar da ta saɓule, kada a sa a al'aura, kada a barbaɗa kusa da fuskar jariri. A zuba a tafin hannu nesa da yaro sannan a shafa, domin garin da ya shiga huhun jariri haɗari ne ko na masara ne ko na dutse. Kuma idan matsematsi ko ƙarƙashin mama ya yi ja yana ƙaiƙayi yana tsattsafo ruwa, wannan magani yake so, ba hoda ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na karanta cewa ƙwayar sitacin shinkafa ta fi ta masara da ta rogo ƙanƙanta, shi ya sa aka daɗe ana yin hodar fuska da ita a ƙasashen Asiya da Turai. Na jiƙa shinkafar tuwo rabin kwano in gwada. Na kuma jiƙa sabuwar masara kwano biyu don haɗin Sallah.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, aiki ya koma tsakanin hantsi da azahar.

Shinkafa ba ta ba da kai yadda masara ta bayar ba. Sitacinta a manne yake da sauran jikin ƙwayar, ba ya rabuwa da wuri. Bayan markaɗe ƙullun ya ƙi kwanciya, ruwan saman ya tsaya fari-fari har kwana biyu, ga garin ya fara ɗumi. Kafin ya kwanta ya yi tsami. Na wanke shi ruwa bayan ruwa, na shanya, ya bushe da laushin da ya fi na masara nesa, amma idan aka kai hanci akwai wani ɗan bashi-bashi a ƙarƙashi. Na zuba masa garin kajiji in ga ko zai rufe, sai warin biyu suka haɗu suka ba da wani abu da ba shi da daɗi ko kaɗan. Ƙamshi ba ya rufe tsami.

Laushin nan kuwa ya tsaya mini a rai. Zan sake gwadawa, amma sai sanyi ya dawo.

Sitacin masara ya fito lafiya, kilo 2 da ɗan ɗoriya.

Asabar, 15 ga Maris

Yau na gwada abin da na daɗe ina tunani: turara garin yadda ake turara kaya. Na baza sitaci da farar ƙasa a faifai, ba kauri, na sa garwashi kaɗan a kasko na ɗora ɓarɓashin sandal, na kife babban kwando a kai, na ɗora faifan a saman kwandon, na lulluɓe duka da zani mai kauri. Na bar tazara sosai tsakanin garwashi da faifai, kuma na yi tankaɗen a wani ɗaki dabam, domin garin sitaci idan ya tashi a iska ya haɗu da wuta yana kamawa fuu lokaci guda.

Da na buɗe bayan kamar minti ashirin, saman garin ya ɗan sauya zuwa launin madara, na juya na sake rufewa. Ƙamshin da ya fito ya bambanta da na kwalba. Na madara yana tsaye a sama, shi ake fara ji kuma shi ke fara gudu. Na hayaƙi kuwa ya shige cikin garin, ba ya ihu, amma na shafa a wuya da hantsi har bayan sallar tarawi ina jinsa.

Faifai na biyu na yi shi da turaren wutana na gida, wanda ke da sukari da madara kala-kala. Bai yi ba. Hayaƙin sukari ya sa garin ya yi danƙo-danƙo ya ɗau ƙauri. Itace zalla ne ke yi.

Haɗin da na tsaya a kai, a kowane giram 100: sitaci 75, farar ƙasa 20, garin kajiji da jema da sandal 5. A turara da sandal sau biyu, sannan a rufe da audugar madara kwana goma, a tankaɗe kafin a zuba a roba.

Talata, 25 ga Maris

Na cika robobi 24 masu murfin barbaɗawa, kowace giram 100. Lissafin wannan zubin: masara 3,200, markaɗe 600, farar ƙasa 3,500, kajiji da jema da sandal 4,000, madara 5,000, robobi 6,000, takardar mannawa 2,400. Jimla 24,700, wato kowace roba ta tashi a kan 1,030 ko kusa da haka. Ban sa turmi da sikeli da asarar baya ba, ban kuma sa wahalata ba. Na sa kuɗinta 1,500.

A takardar na rubuta abin da ke ciki, ranar haɗi, da gargaɗin nan na jarirai da rauni.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, Allah ya maimaita mana. Robobi 6 na raba wa dangi, 18 sun tafi a wajen masu zuwa kitso da lalle gidan yayata. Kuɗin da ya shigo 27,000.

Abin da ya dawo mini daga bakin mutane: mata manya sun so ta, wata Hajiya ta ce ta tuna mata da ƙamshin adakar mahaifiyarta. 'Yan mata kuwa sun ce ƙamshin ya yi sanyi da yawa, suna son mai tashi. Ba zan ƙara madara don wannan ba. Wadda ke son a ji ta daga ƙofar gida ga humra nan ga turaren fesawa. Hoda a kan fata take wuni cikin gumi, kuma duk ɗigon da na ƙara, ƙarin wadda fatarta za ta yi ja ne.

Ƙorafi ɗaya da na ɗauka da muhimmanci: mata biyu sun ce tana barin fari a wuya da ƙirji, musamman ga mai duhun fata. Farar ƙasa ce ke yin haka.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, rana tana wuce digiri 40, dare ma bango na fitar da wuta. Yanzu ne gwajin gaskiya. Yarana biyu na makarantar firamare ina shafa musu a wuya da baya bayan wankan yamma, bayan jiki ya bushe sarai. Idan aka sa a jiƙaƙƙen jiki sai ta zama ƙullu ta toshe ƙofofin gumi, abin da ake gudu kenan, domin ƙurajen zafi daga toshewar nan suke fitowa. Babban bai yi ƙuraje ba zuwa yanzu. Ƙaramar ta yi kaɗan a goshi da gindin gashi, inda ba na sa mata. Ba zan ce hodar ce kaɗai ba, don na rage musu kaya masu kauri kuma a tsakar gida muke kwana.

Na gwada rage farar ƙasa zuwa 12 na ƙara sitaci. Farin ya ragu sosai, sai dai ba ta daɗewa a jiki. Na tsaya a 15.

Litinin, 28 ga Afrilu

Zubi na biyu, robobi 30. Kuɗin roba ya hau zuwa 300. Ba wani abu sabo.

Asabar, 17 ga Mayu

Iska ta sauya, hadari na haɗuwa da yamma, gari ya yi nauyi. Abin da nake tsoro tun farko ya fara. Robar da nake amfani da ita, wadda ke ajiye a tagar banɗaki, ta ƙi zubowa. Na buɗe na tarar garin ya dunƙule, ramukan murfin sun toshe. Sitaci ba ya bambance gumin jiki da laimar iska, duk wanda ya samu sha yake yi. Na duba sauran da ke cikin kwali a ɗaki: waɗanda murfinsu ke da marfi na biyu lafiya lau, guda huɗu masu murfi sako-sako sun fara ƙanƙamewa a gefe.

Dunƙulewa da sauƙi, a tankaɗe ta koma. Abin da ya fi damuna fumfuna ce. Sitaci abinci ne, ga garin saiwa a ciki, idan laima ta zauna masa zai yi fumfuna, kuma kafin ido ya gani hanci ne zai fara ji. Don haka na ware roba uku don gwaji: ɗaya a banɗaki, ɗaya a kicin, ɗaya a cikin durowa. Duk Juma'a zan buɗe in shinshina, in zuba a farar takarda in duba, har ƙarshen Agusta lokacin da ruwa ya fi yawa. Abin da na gani shi zai nuna mini wa'adin da zan rubuta a takarda. A yanzu wata uku nake rubutawa.

Na kira waɗanda suka saya na ce kada su ajiye a banɗaki, kuma su rufe bayan sun yi amfani. Na samo ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima irin na cikin kwalin takalmi da magani, guda 50 a 2,500. A babban bokitin ajiya kawai zan sa su, ba a robar sayarwa ba, saboda yara.

Alhamis, 29 ga Mayu

Masu Babbar Sallah sun fara tambaya. Sitacin da ya rage zai ba da robobi kamar 20, daga nan na tsaya. Ba zan yi sabon sitaci da damina ba, shanyar ɗaki ba za ta bushe kafin ya yi tsami ba. Na tambayi kuɗin sitacin masara na kamfani a Kasuwar Singa, zan sayi kilo ɗaya in gwada shi gefe da gefe da nawa, in ga laushi da yadda yake ɗaukar hayaƙi. Idan ya yi, shi zai riƙe ni har Nuwamba.

Sauran abin da ke gabana: in nemo roba mai murfi biyu ko da ta fi tsada, in haɗa wata marar ƙamshi kwata-kwata don masu fata mai saurin ja, in kuma fara rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin sai da ita ake neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafawa, kuma ba zan kai hodar nan kanti ba sai da lamba. Goggo ta yi alkawarin aiko mini da gab-gab da ɗorot idan an samu mai tahowa daga Maiduguri, in gwada turara wani zubin da su a maimakon sandal. Gobe Juma'a, ranar duba robobin gwaji ce.